Na Ce Zan Tofar

Wudil, ranar Laraba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ku lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin abokin banza, da kuma sharrin wayonka, wanda shi na fi tsoro. Mahaifiyarka ce za ta cusa ta a jakarka tsakanin yaji da kilishi. Na ce mata addu'o'i ne. Na rubuta a bayan ambulan kada a buɗe sai jirgi ya tashi, ina fata ka bi, domin in ka karanta a ƙasa za ka kira ni, ni kuwa ba zan ɗauka ba.

Ka san akwai kunya tsakanina da kai. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina Alhaji ka ci, shi ya sa tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, balle in zaunar da kai in zayyana maka abin kunyata. Alƙalami shi ba ruwansa da kunya, sai na ɗauko shi.

Ranar Asabar muna cin tuwo ka ce makarantar da za ka a Jamus ta ba ka zaɓi biyu, kuma dole ka sa hannu a ɗaya cikin makon farko: ko kimiyyar adana hatsi, ko kimiyyar haɗa abin sha. Ka ce na biyun ya fi kawo aiki. Mahaifiyarka ta ce, "Abin sha kamar zoɓo?" Ka ce, "Har da wanda ba zoɓo ba, Umma. Amma ai ilimi ne kawai. In ta kai ga ɗanɗanawa sai in tofar." Na ƙware, ka tashi ka kawo mini ruwa. Ba tuwon ne ya shaƙe ni ba. Maganar tawa ce. Ni na fara yin ta, shekara talatin da wani abu da suka wuce, da irin fuskar nan taka ta wanda ya zo na ɗaya a aji.

Kun taso kuna jin cewa na yi aiki a kamfanin lemo, na bari saboda tsoron Allah. Rabin farko ƙarya ne, rabin ƙarshe ma ƙarya ne. Kamfanin giya ne, kuma korata aka yi. Ba zan faɗi sunansa ba, ya daɗe da rufewa, kuma laifin ba nasa ba ne.

Lokacin da na gama digirina na kimiyyar abinci, masu digiri a unguwarmu kwale-kwale ɗaya zai haye da mu kogi, har a sami wurin akuya. Daidai lokacin aka hana shigo da sha'ir daga waje, kamfanoni suka koma yin giya da dawa. Akwai kuma wani fure da Turawa ke kira hof, busasshe, kore, bai wuce kan babban yatsa ba, shi ake zubawa a tafasa don ya ba giya ɗaci da ƙamshi. Shi ma ya yi tsada, ana neman abin da zai maye gurbinsa cikin namu, irin su shuwaka da namijin goro da darbejiya. Suna son wanda ya san dawa, ya kuma san ɗaci. Ni kuwa ko idona a rufe, in na tauna ƙwaya ɗaya zan gaya maka kaura ce ko farafara. Aka ba ni gida, da babur, da farar riga mai aljihu uku.

Na san haramun ne. Na yi karatun zaure daidai gwargwado, na san ba mai sha kaɗai abin ya shafa ba. Amma a cikin motar da ta kai ni, tun kafin mu haye gada, na ba kaina fatawa. Na ce mace mai azumi takan ɗanɗana gishirin miya ta tofar, azuminta bai karye ba, to ni ma haka zan yi. Ni ne mai tambaya, ni ne malamin, ni ne kuma wanda ya ce Allah Ya gafarta Malam. Abba, duk fatawar da ka ba kanka da kanka, ka ga ta zo daidai wa daida da albashi, ka tuhume ta. Ka kai ta wurin malamin da ba ya cin komai a ciki, ka ga ko za ta dawo da rai.

A kamfanin akwai wani ɗaki da mutum biyar ke zama kullum da hantsi, a jera musu kofunan gilashi marasa suna, su ɗanɗana, su rubuta ko giyar ta yi. Cikinsu aka sa ni. Ranar farko na shiga da kwanon silba a hammata. Shugaban ɗakin wani dattijo ne mutumin Filato, Oga Yohanna, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri.

Ya ce, "Malam Garba, kwanon nan fa? Fura za a kawo maka?"

Na ce, "Na tofarwa ne, Oga."

Ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Masu ɗanɗana shayi su ke tofarwa. Ɗacin hof ba a zaure yake zama ba, can ƙuryar ɗaki yake, a gindin harshe. Sai ka haɗiye, ka ɗan jira, sannan ya fito ku gaisa. In ka tofar me za ka rubuta mana? Kumfa?"

Na ce, "Addinina ya hana."

Ya ce, "Na sani. Ni ma fastonmu ba murna yake da ni ba, amma ni ban zo da kwano ba." Sai ya daina dariya. "In ba za ka iya ba, ka kama hanyar gida yau, ba mai zaginka. Kafin kai 'yan uwanka biyu sun zauna a kujerar nan, suka tashi ranar farko. Har yau in na gan su nakan cire hula."

Ka lura da wannan. In ka isa can za ka ji ana cewa a yi hankali da waɗanda ba Musulmi ba. A duk tarihina, mutum ɗaya ne ya nuna mini ƙofar fita tun tana buɗe, kuma shi ne. Wanda ya rufe ta sunansa Garba, yana da alamar sallah a goshi. Saboda haka in baƙo ya gaya maka gaskiya ka karɓa, kada ka tsaya duba wurin ibadarsa.

Na ce zan haɗiye sau ɗaya, don kimiyya. Ka taɓa cin kifin da aka fasa wa matsarmama wajen gyara? To haka na ji. Hawaye ya zubo mini, na ce alhamdu lillahi, abin da ya kai haka muni ba zai taɓa jan hankalina ba. Nan ma kuskure ne, kuma kuskuren da Bahaushe ne kaɗai zai yi shi. Mu an raine mu da jiƙon maɗaci da ruwan darbejiya. Kakata in ta ba ka magani ka shanye ba ka yamutsa fuska ba, sai ta ce an cuce ta, wannan ba magani ba ne. Abin zaƙi muna zarginsa, mu ce yana kawo basir. Abin ɗaci kuwa mu ce wankin ciki ne. Kafin wata ya ƙare na ba kaina fatawa ta biyu, cewa abin nan da ɗacinsa ai ya fi kusa da magani. Har na fara jin kamar ciwon shawarata ya ragu, alhali ban taɓa yin shawara ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ba daɗi, domin in na yi, ranar da ka gane akwai daɗi za ka watsar da sauran maganata. A mako na uku hancina ya buɗe. Kafin kofi ya iso baki sai ka ji ɓawon lemon tsami, da ɗanyar gwaiba, da ƙamshin ciyawar da aka yanka a bakin kogi da safe. Ka haɗiye, shiru. Sai ɗacin ya taso a hankali daga maƙogwaro, ya share bakin tas kamar an yi asuwaki, ya bar shi a bushe yana neman wani kurɓin. Abin zaƙi yana gundura, shi ya sa ba wanda ya taɓa lalacewa a kan alewa. Wannan ba ya gundura. Kowane kurɓi yana buɗe wa na bayansa ƙofa.

Ga kuma girman kai a kai. Mai shan mai ɗaci yana ganin mai shan sassauƙa yaro ne. Na zama ina raina mashaya, Abba, ni da nake cikinsu. Nakan ce su don maye suke sha, ni don ɗanɗano. Amma tumbin da ya fito mini bai tambayi niyyata ba, haka barcin da ke danne ni bayan azahar, har azahar da la'asar suka zama tagwaye a wurina, kullum tare suke zuwa. Duk ranar da ka ji kanka kana cewa naka zunubin ya fi na wane tsafta, ka sani ka yi nisa.

Yanzu ga yadda kakanka ya shigo maganar. Ka san Alhaji dillalin shanu ne a kara. Wani hutu na zo gida da furen hof cikin ambulan don in yi burga. Na tarar yana kukan ba ya samun barci. Ya karɓa ya shinshina, ya tauna ɗaya, fuskarsa ta haɗe kamar an ja bakin jaka, ya ce, "Yawwa. Wannan magani ne na gaske." Furen kansa ba giya ba ne, ganye ne kamar kowane ganye, sai dai yana kawo barci. Ya sa aka dafa masa, ya sha, ya yi barcin da ya yi shekaru bai yi ba. Ka san kuwa Bahaushe ba ya warkewa shi kaɗai. Juma'ar da ta biyo ya tafi kara da buta cike, ya zagaya da ita rumfa. An ce ranar Fulani sun tsaya da shanunsu a rana suna jiran ciniki, dillalai huɗu na gyangyaɗi a kan benci. Suka tambaye shi ina ya samo, ya ce ɗansa Garba ne ke aiki a kamfanin lemo da magunguna. Ni na gaya masa haka.

Da furen ya ƙare ya aiko in ƙaro, na yi ta hanya-hanya. Sai wata rana ya yi lodin shanu zuwa Kudu, ya ce wa direban tirela ya biya da shi ta kamfaninmu, zai roƙi manaja da bakinsa. Maigadi ya aiko wai ina da baƙo. Na fito da farar rigata, da ƙamshin aikin safe a bakina, na tarar da shi tsaye da sandarsa, bayansa tirela cike da ƙaho. Ba allon kamfani yake kallo ba, don ba ya karatun boko. Wata mota yake kallo da ke fita da dusa jiƙaƙƙiya tana tururi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa duka, har da tambayar gajiya. Sannan ya ce:

"Garba, wannan dusar na san ta. Da ita ake yi mana kiwo in mun sauke shanu a Kudu. Na kuma san abin da ake tatsa a jikinta kafin ta zama dusa."

Na ce, "Alhaji, ni ɓangaren bincike nake."

"Matso." Na matso. Ya shinshina, kamar yadda yake wa sa in yana zargin ciwo. Ya ce, "To. Shanuna na cin dusar, ɗana na shan ruwan. Gidanmu dai ba mu bar wa kamfanin nan asarar komai ba." Ya gyara hula. "Su shanun in sun yi ƙiba sayar da su nake yi. Kai wa zai saya?"

Ya hau tirela ya tafi, bai ƙara ko kalma ba, kuma har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa ba. Ƙarya, Abba, in za ka yi ta, to aƙalla kada ka yi wa mai sana'a a kan abin da ya shafi sana'arsa. Gara ma kada ka yi ta sam, amma na san ɗan wa kake.

Za ka zaci daga ranar na ajiye aiki. A labaran wa'azi haka ake yi. Ni sai da na ƙara shekara biyu. Shi kuwa Alhaji ya koma ga maganin Bahaushe na biyu bayan ɗaci, wato aure. Aka ɗaura mini da mahaifiyarka, aka kai ta can.

A nan na yi laifin da ya fi damuna. Harshena ya riga ya saba, duk abin da ba ɗaci sai in ji shi salam kamar ruwan randa. Mahaifiyarka ta yi miyar kuka, na ce ba gishiri. Ta ƙara gishiri, na ce ba daddawa. Ta yi taushe, ta yi kuɓewa ɗanya, ta yi miyar zogale da gyaɗa, ni dai in ci loma uku in ture in ce a gidansu ba a koya mata girki ba. Yarinyar da duk layinsu ake aiko mata ta haɗa miyar suna. Ta rubuta wa gwaggonta takarda tana neman sirri, ta rame. Rannan haƙurinta ya ƙare. Ta sayo shuwaka, maimakon ta murje ta ta wanke sau bakwai kamar yadda ake yi, sai ta yanka ta zuba a tukunya yadda take, don ta hukunta ni. Miyar da ko akuya ta lasa sai ta nemi ruwa. Na cinye tas, na suɗe kwano, na ce, "Yau kin yi girki."

Ta ɗauke kwanon. Ta ce, "Malam, ashe ba miyar ce ba ta da lafiya ba."

Na jawo ruwa na wanke hannu.

Ta ce, "Wata takwas ina zargin hannuna. Allah Ya isa tsakanina da abin da kake sha."

Ba ta ce tsakaninta da ni ba, kuma na lura. Ƙaramar tukunyar nan da ake dafa mini daban, wadda aka ce muku ta masu ciwon suga ce, daga ranar ta samo asali. Ba ni da suga. In Allah Ya ba ka mata, ka ji komai nata ya daina yi maka daɗi, ka fara binciken bakinka kafin ka binciki tukunyarta.

Korata ma harshen ne ya jawo. Duk abin da aka kawo ɗakin ɗanɗano sai in rubuta ɗaci bai isa ba. Mutum huɗu su ce ya yi, ni in ce a ƙara. Da Oga Yohanna ya tafi hutu aka bar mini ɗakin, na sa aka ninka hof, na kuma ƙara da ruwan namijin goro na bincikena, na sa hannu a kan tanki guda. A bakina ban taɓa jin abin da ya kai shi ba. Aka kai kasuwa. Cikin mako biyu motoci suka fara dawowa da kaya. An ce a wata mashaya wani ya kurɓa ya tambaya ko an fara sayar da maganin tsutsar ciki ne a kwalba. Wasu ma an ce sun daina sha gaba ɗaya, ka ga ko ba komai na yi wa addini hidimar da ban yi niyya ba.

Oga Yohanna ne ya miƙo mini takardar sallama. Ya ce, "Malam Garba, harshenka ya mutu, sai dai a yi maka ta'aziyya. Da ka riƙe kwanonka."

Na dawo Wudil da akwati biyu da mace mai ciki, cikinka. Kafin in sauke kaya labari ya zaga cewa Garba ya bar babban aiki saboda ya gano ana haɗa lemon da abin da bai halatta ba. Ban san wanda ya ƙirƙira ba, ina zargin Alhaji. Aka yi ta zuwa yi mini barka, liman ya kawo ni misali a wa'azi ba tare da ya ambaci suna ba, kowa ya waiwayo ya kalle ni, ni kuwa na sunkuyar da kai irin na salihai. Na karɓi koyarwa a sakandare, na shekara ashirin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane abin da ba su son sani, abokan karatuna kuwa waɗanda nake ba satar amsa suka zama manya masu jiniya. Namijin goron nan da kake gani ina tauna tun safe, mutanen gari sun ɗauka gudun duniya ne. Har akwai masu zuwa in ba su maganin basir, in ba su, su dawo su ce ya yi aiki. Ba gudun duniya ba ne. Kewa ce. Kada ka karɓi yabon da ba naka ba, nauyinsa ya fi na zagi, kuma ba a sauke shi.

Tun ranar da na haye gadar nan na dawo, ko ɗigo bai sake shiga bakina ba, Allah ne shaida. Na tuba, ina kuma fatan Ya karɓa. Amma sha na daina, so ban daina ba. Wani malamin jami'arku, mutumin Kudancin Kaduna da muke haɗuwa wurin mai gyaran babur, ya gaya mini wai yanzu a ƙasashen Turawa ƙananan kamfanoni gasa suke yi, kowa na zuba hof ninki-ninki yana alfahari tasa ta fi ɗaci, matasa na bin layi suna saya. Wato abin da aka kore ni a kansa, yau da shi ake cin lambar yabo. Na zo duniya da wuri, kuma a garin da bai dace ba. Na ce masa Allah Ya kyauta. Da na koma gida na kasa cin ko tuwon ƙaramar tukunya.

Harshenka irin nawa ne, Abba. Tun kana ɗan shekara shida kake gane ruwan rijiyar gidanmu da na gidan Kawu. Baiwa ce, kuma irin wannan harshen abin nan ya fi kamawa, domin dakiki ɗaci kawai zai ji ya ajiye, kai kuwa za ka ji gwaibar da ciyawar. Ka sa hannu a kan hatsi. Manoman Darki da Indabo kowace shekara ƙwari na cinye musu abin da suka noma a rumbu, in ka dawo da maganin wannan ka yi abin da ni ban yi ba da duk takarduna. Ba zan yi maka baki ba in ka saɓa, ba ni da bakin yi. Ka girma, hannunka ne zai riƙe biron.

Abu ɗaya kawai nake roƙo. In ka ƙi ji, ka bi ɗayar hanyar, har wata rana aka ajiye kofin a gabanka, kada ka rubuto mini yadda ka ji shi. Ko na tambaye ka, kuma zan tambaya, zan ce don kimiyya ne, kada ka faɗa mini. Na san kaina. Zan karanta sau biyu.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya da imaninka da harshenka. Ya haɗa ka da mutanen kirki ko daga wace ƙabila suke, Ya raba ka da fatawar cikin mota. Allah Ya yi maka albarka, Ya jiƙan mai sunanka. Ka riƙa kiran mahaifiyarka ranar Juma'a, kuma ka yaba mata yajin, da gaske yana da daɗi, kowa ya ce haka.

Wassalam.

Mahaifinka.